Ranar da Kawu Bai Sa Hannu Ba

Kawu ya rasu ranar Talata bayan azahar, kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Kwana biyu kacal ya yi a kwance. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da mahaifina ya rasu ina ƙarami shi ne ya zame mini uba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa inda ya tafi ya fi masa gidansa na unguwar Limawa daɗi.

Washegari mutanen ruwa suka iso. Mota biyu suka cika daga Kuta: masunta, direbobin jirgi, da mata masu bandar kifi, har yanzu da ƙaurin hayaƙi a zannuwansu. Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dab da rumfar da yake gyaran inji. Duronsa yana nan cike da ruwa, da injin wani a rataye a bakinsa, yadda ya bar shi ranar da zazzaɓi ya kada shi. Wani masunci ya zo wucewa, ya tsaya a gaban duron ya kasa ɗaga ƙafa, sai da aka kama hannunsa aka zaunar da shi. Matan kuwa tun daga bakin layi suka fara kuka, har matar Kawu, wadda muke kira Iya, ta aiko a ce musu su sassauta.

Cikin baƙin akwai wani dattijon direban jirgi, mutumin Kuta, Gbagyi ne kuma Kirista, abokin tsokanar Kawu na shekara da shekaru. Da aka yi addu'a aka shafa, sai ya gyara zama ya ce, da irin Hausarsa:

"Baba ya san inji. Shekara nawa yana duba mana, ba mutum daya da ruwa ya ci a hannunsa. Sau daya kawai ya yi kuskure, sau daya! Ni ne na tuka jirgi ran nan, mun kusa tafiya duka. Shi ya sa nake kiransa Baba Sau-Daya."

Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, mai gajeren rai. Wani ya ce Allah ya yafe masa wannan ma. Aka ce amin.

Ni kuwa ina tsaye da farantin dabino a hannu. Wannan kuskure ba na Kawu ba ne. Nawa ne, kuma shekara tara ke nan yana ɗauke da shi a madadina. Na san gobe ne addu'ar uku, daga ita mutanen ruwa za su watse, kowa ya koma gaɓarsa da wannan suna a bakinsa. In ban yi magana gobe ba, na san kaina, ba zan taɓa yi ba. Kuma tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Amma bari in fara gaya muku wane ne mutumin.

Kakanmu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, don haka Kawu cikin baƙin mai ya buɗe ido. Ya gyara injin niƙa, ya gyara janareto, ya gyara injin ban ruwa. Da aka tare ruwa a Shiroro tafki ya cika, masu kwalekwale suka fara ɗaura inji a baya, sai zuciyarsa ta koma can. Kowace ranar kasuwa yana cikin motar farko, ya wuce Kuta ya sauka bakin ruwa a Zumba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai murya kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar inji, in kana masa maganar gida sai ka maimaita sau uku. Amma inji ya canza kuka a can nesa, shi zai fara juyawa. Iya ta sha cewa kunnen nan zaɓe yake yi.

In ka kawo masa gyara ba ya taɓa injin da farko. Kai yake kallo.

"Gaya mini abin da ka yi masa, in rage wahala," haka yake cewa.

In ka ce ba ka yi masa komai ba, sai ya ce to mayar da shi gida, tun da lafiyarsa ƙalau.

Ga wanda bai san injin jirgi ba, ga yadda Kawu ya koya mana, ko muna so ko ba ma so. Da ruwan tafkin injin yake sanyaya kansa. A cikin ƙafarsa, wato ɓangaren da ke nutse, akwai wata 'yar roba mai fukafukai shida, tana juyawa tana zuƙo ruwa tana tura shi sama ya zagaye kan injin. Shaidar cewa tana aiki ita ce wani siririn ruwa da ke tsartuwa ta ɗan rami a bayan injin. Mutanen ruwa fitsarin inji suke ce masa, kuma ba wanda ke jin kunyar faɗa, ko a gaban suruki. Ita robar nan ba ta jure bushewa. Ka tayar da injin a tudu, ba ruwa, kafin ka gama murna ta ƙone. Shi ya sa ya ajiye duro a rumfarsa, ba ya jan igiyar kowane inji sai ƙafarsa na cikin ruwa.

Kowa a bakin tafkin ya san a kalli fitsarin inji. Abin da ya bambanta Kawu shi ne bai yarda da kallo ba. Ya ce ido ba ya jin zafi. Duk jirgin da zai tashi yana wurin, sai ya je baya ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin ruwan nan. In ya bugi hannunsa da ƙarfi, ɗumi-ɗumi, sai ya ce bismillah, a tafi. In ya ji shi da rauni ko da zafi, ba inda za a je. Na taɓa gani da idona ya tsayar da jirgin 'yan biki, mutum wajen arba'in, amarya a lulluɓe. Direban ya yi gardama, Kawu ya zare tiyon mai ya sa a aljihu ya tafi sallar azahar. Ba irin zagin da bai sha ba a ranar. Da ya dawo ya zaro leda a naɗe a bakin inda injin ke shan ruwa, ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita gaban kowa ɗaya bayan ɗaya, har uwar amarya. Kawu ba ya yafe gardama da wuri.

Aljihunsa na dama abu uku ne kullum: goro, ƙaramar sifana, da sabuwar 'yar robar nan a ƙulle cikin leda. Da su yake zuwa Juma'a, da su yake zuwa ɗaurin aure. Iya ta gaji da tsintar roba a cikin wanki har ta daina mita. Matan kifi kuwa shi ya tara su ya koya musu: "Ke ce a kusa da inji saboda kayanki. In ba ki ga fitsari ba, ki yi ihu. In direba ya zage ki, ki ce ni na aike ki." Talakan masunci in ya kawo inji ba shi da abin bayarwa, Kawu ya gyara, ya ce in an kama ragon ruwa a tuna da shi.

Rigimarmu ta faro ne shekarar da matata ta samu cikin fari. Ita 'yar tsallaken tafkin ce, ƙauyensu sai da jirgi. Ina koyarwa a firamare, na ga ya kamata in sami abin taimako, sai na sayi injin jirgi na hannu a wurin wani ɗan kasuwa, da niyyar in ba direban nan na Kuta ya ɗaura a jirginsa. Ban shawarci Kawu ba. Ina da shekara talatin, ina so a ce ni ma na yi wani abu ba da hannunsa ba. Da ya ji, ya tako har gidana.

"Kana da ni a garin nan ka je ka sayi inji a hannun mai sayar da firji?"

Na ce mutumin ya rantse an yi masa sabis, har robar sabuwa ce.

"Ya rantse. To madalla. Kawo shi rumfa in sa shi a duro."

Na ce ba sai an wahalar da shi ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, malam," ya fita. Tunda nake bai taɓa ce mini malam ba. Mako biyu muna gaisawa sama-sama.

A cikin makon farko ne na yi abin da na yi. Matata ta tafi awo asibiti, maƙwabta biyu suka shigo ganin inji. Na kafa shi a jikin benci a tsakar gida, suka ce a ji kukansa mana. Na san dokar, tun ina yaro na san ta. Amma na ce a raina ai ɗan lokaci ne. Na ja igiya ya tashi, na murɗa masa wuta, kaji suka watse, maƙwabta suna ta sam barka. Da yamma wani abokina ya zo, na sake. A karo na biyun na ji ƙaurin roba. Na kashe, na lulluɓe shi da buhu, na ce wa kaina ƙaurin sharar maƙwabta ne.

Cikin matata ya shiga wata takwas, lokacin kai ta goyon ciki gidan iyayenta ya yi. Aka sa ranar kasuwa, cikin tsakiyar damina. Mahaifiyata, Inna, za ta raka ta, kuma ita ta lallashi Kawu ya zo, don a ga babba a gaban surukai. Ranar ce kuma za a fara aiki da injina, a jirgin direban nan na Kuta. Bayan la'asar muka shiga jirgi, mu ashirin da wani abu, da buhunan gari, da jarkokin manja, da doya jibge a tsakiya har ta kai ƙirjin mutum. Kawu yana can gaba yana gyara wa matata wurin zama. Ni ina baya kusa da direba, ina ji da kaina.

Direba ya ja igiya, injin ya tashi, ya juya yana faɗa da masu lodi. Na leƙa. Ruwan yana fita, amma ba tsartuwa yake ba, zuba yake a gajiye yana yankewa. Na gani sarai.

Daga gaba Kawu ya ɗaga murya. "Yana fitsari?"

Na ce, "Yana yi."

Ya miƙe zai tsallako doya. Inna ta kama bakin rigarsa ta ce, "Haba Yaya, zauna mana. Ɗanka ya ce yana yi." Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan buhu. Ya dube ni, ya dubi mutanen ƙauyen matata da ke cikin jirgin. Na san abin da ya auna: mako biyu muna fushi, in ya tsallako yanzu ya nuna wa surukaina maganata ba ta isa ba. Sai ya koma ya zauna. Direba bai ko waiwaya ba, haka matan kifi, tun da Kawu na ciki kowa ya saki jiki.

Mun yi kamar rabin awa. Gaɓar da muka baro ta zama siririn layi, wadda za mu ba ta fito ba. Gabas kuwa hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, yana tahowa. Wannan yankin na tafkin da can daji ne, itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a tsaye matattu, wasu kawunansu a waje, wasu a ɓoye dab da saman ruwa. Direba ya ƙara wuta don mu riga hadarin. Ni dai idona na kan ramin nan, ina gani ruwan ya koma ɗigo, ɗigon ya koma tururi.

Kawu ne ya ji, daga can gaba, da kunnensa ɗaya.

"Kashe! Kashe shi!"

Direba ya ce, "Baba, ka ga sama? In na kashe a nan mun mutu!"

Ban san dattijo zai iya tsallake tulin doya da wannan sauri ba. Ya faɗo baya, ya ture hannun direba ya kashe injin da kansa. Fentin kan injin har ya fara tashi yana ƙauri.

"Minti biyu ka ƙara ya buga," in ji Kawu. "In ya buga ya lalace gaba ɗaya, da me za ka kai su? Ɗauko filafili. Waccan bishiyar."

Shirun da ya biyo baya shi ne abin da ban manta ba. Ba ƙarar inji, sai ruwa na marin katako, da rugugin tsawa can nesa. Muka tuƙa da filafili biyu har jikin wata matacciyar bishiya, aka ɗaure jirgi a reshenta. Rigunan ruwa masu hana nutsewa guda huɗu ne a jirgin gaba ɗaya. Aka ba matata ɗaya, ba ta rufu a kan cikinta ba.

Kawu ya fara daga mai sauƙi, yadda ya saba. Ya ɗaga ƙafar injin ya shafa inda yake shan ruwa, ko leda ko ciyawa ko guntun komar masunta ya toshe. Ba komai. Ya zura siririyar waya a ramin fitsarin, don zanzaro kan yi gini a ciki in inji ya daɗe a ajiye. Wayar ta shige ta fito tas. Sai ya matso kusa da ni, ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Gaya mini. An tayar da shi a tudu?"

Matata tana kallona daga gaba. Mutanen ƙauyensu suna kallona. Na ce, "A'a."

Ya yarda. Wallahi ya yarda. Ya ce to tun da robar sabuwa ce kuma ba ta ga bushewa ba, sai dai ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanya a kan injin ne ya maƙale. Ya zaro sifana ya hau kwance murfinsa, ƙarfe na ci da zafi. Igiyar ruwa ta farko ta daki jirgin, ya tafi zai faɗi, ya dafe kan injin da tafin hannunsa na dama. Na ji ƙarar fatar. Bai yi ihu ba, ya tsoma hannun a tafki ya ciro ya ci gaba. Da ya buɗe, ɗan ƙarfen lafiyarsa ƙalau, wurin kuma a bushe ƙayau, alamar ruwa bai ma hau ba. Kwatar awa guda ta tafi a banza, kuma a cikinta iskar ta iso.

Na sha jin ana cewa tafki ya yi fushi, ban san ma'anarsa ba sai ranar. Jirgin ya dinga tashi yana faɗowa yana gwara da bishiyar. Ruwa na shigowa ta gefe, mata na kwarfewa da kwanuka. Masu salati na yi, masu kiran Yesu na yi, ba mai jin na wani. Wata mata ta fara jefa doyarta a ruwa tana kuka. Inna ta rungume matata ta baya. Ita matata ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe cikinta da hannu biyu. Na ga a fili cewa zan kashe uwata da matata da abin da ke cikinta, saboda maƙwabta biyu sun ce a ji kukan inji.

Na durƙusa kusa da kunnensa mai ji. Na ce, "Kawu, na tayar da shi a gida."

Ya ɗago. Ruwan sama ya fara sauka a fuskarsa.

"Sau nawa?"

"Biyu."

"Riƙe nan," ya ce, ya miƙo mini sifana. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ya sa maza huɗu suka cicciɓo injin cikin jirgi, aka kwantar da shi a kan doya. Mata biyu suka ware zani suka riƙe a kansa. Ya kwance notunan ƙafar injin, kowane noti ya cire sai ya sa a bakinsa, don ba inda zai ajiye bai gangara ba. Hannun da ya ƙone ya kumbura, sifana na zame masa, sai ya koma na hagu. Da ya buɗe gidan robar, ga ta nan ta narke, fukafukan sun kakkarye. Ya tsince su a tafin hannuna yana ƙirgawa. Biyar.

Direba ya ce, "Baba, sa sabo mu tafi, don Allah!"

Ya tofar da notunan a hularsa ya ce, "Na shidan yana cikin bututu. In na bar shi zai toshe, mu sake tsayawa inda ba bishiya."

Ya yi ta zungura da waya, ya sa baki ya busa, ya sake zungura. Kowace daƙiƙa ji nake kamar ana zare mini rai. Can sai ga guntun baƙar roba ya faɗo. Sannan ya sa hannu a aljihun dama, ya ture goro, ya ciro ƙullin ledar nan da Iya ta gaji da wankewa.

Akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe da ke riƙe robar a jikin sandar da ke juya ta, bai fi ƙwayar kabewa ba. In babu shi, sandar za ta yi ta juyawa robar na tsaye. Yana ƙoƙarin zaunar da shi reshen da muka ɗaure jirgi ya karye. Jirgin ya juya gefe, ɗan ƙarfen ya suɓuce daga kumburarren hannunsa ya faɗa cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, ruwa har idon sawu, baƙi, cike da ɓawon doya da ƙasa.

Wannan ne karo ɗaya da na ga tsoro a fuskar Kawu.

"A daina kwarfa!" ya daka tsawa. "Kowa ya sa hannu!"

Ku yi tunani: ruwa na shigowa, an hana kwarfewa don kada a zubar da shi, iska na tura mu cikin kututture, mutum ashirin a durƙushe suna lalube. Matata ba ta iya sunkuyawa. Da yatsun ƙafa ta ji shi, ya gangara har gaba. Ta take shi ta ce, "Inna, ga wani abu a nan." Aka yi ta miƙo shi hannu zuwa hannu kamar jariri.

Ya shafa wa sabuwar robar manja daga jarkar wata mata don ta shiga da sauƙi, ya juya sandar fukafukan suka kwanta, ya rufe, ya ɗaure. Aka mayar da injin mazauninsa da ƙyar, saura kaɗan ya tafi da mutum biyu. Wani kututture ya gurji cikin jirgin, muka ji shi a tafin ƙafafunmu tun daga gaba har baya. Direba ya ja igiya. Shiru. Ya sake. Shiru. A na uku ya tashi.

Ba wanda ya yi murna. Kowa bayan injin yake kallo. Kawu ya kwanta a kan cikinsa a gefen jirgi, ya miƙa ƙonannen hannunsa ƙarƙashin ramin. Ya daɗe, ko kuwa ni na ga ya daɗe. Sai ruwan ya tsarto, da ƙarfi, yana fallatsa daga tafinsa.

"Bismillah," ya ce. "A hankali. Kada ka ba shi wuta."

Mun isa ana kiran magariba, rabin ƙauyen na tsaye a gaɓa cikin ruwan sama. Surukina ya tambayi abin da ya faru. Direba ya juya kan Kawu a gaban kowa: "Baba, kai kana ciki inji ya yi zafi? Kai?"

Na buɗe baki. Kawu ya taka mini ƙafa.

"Ban sa hannuna ba kafin mu tashi," ya ce. "Yaro ya ga ruwa na fita ya faɗi abin da ya gani. Da na taɓa da na sani. Laifina ne."

Labari ya zagaye tafkin kafin mako. Wasu suka ce tsufa ya kama shi, suka kai injinansu wurin wasu. In ya zo tara hannu a bayan jirgi, samarin direbobi su ce, "Yau dai an tuna, Baba?" Mutumin da ba ya yafe gardama ya dinga dariya yana wucewa. Tafin hannunsa ya warke da tabo, yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Matata ta haifi mace lafiya. Ni na sayar da injin, kuma ban ƙara taka jirgi ba. Duk lokacin da za ta gida sai in sami aikin makaranta.

Sau ɗaya na je rumfa don in yi maganar. Ban gama sallama ba ya gane. Ya ce, "Ka faɗa, ai shi ke nan. Da dai ka faɗa da wuri, da ina cin tuwo da hannuna yadda na saba. Miƙo mini sifana sha biyu." Ba mu ƙara komawa kanta ba.

Ranar addu'ar uku, da liman ya shafa, mutane suka fara neman takalma, na miƙe. Na ce ina da magana a kan sunan da ake kiran Kawu da shi. Na faɗi komai: bencin, ƙaurin robar, ruwan da na ga yana yankewa na ce yana yi, da a'ar da na ce masa a gindin bishiya. Na ce a rayuwarsa sau ɗaya ya fasa sa hannu, kuma don kada ya kunyata ni ne.

Liman ya sunkuyar da kai. Direban ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe yana kallon duron.

"Shekara tara ina kiransa wannan suna," ya ce. "A kasuwa, a gaban yara. Yana dariya. Kai, malam, yanzu wa zan ba hakuri?"

Ya sa hularsa ya tafi mota bai yi mini sallama ba.

A cikin gida sun ji komai ta taga. Inna ta ce mini abu ɗaya: "Ni na riƙe masa riga, don na yarda da kai." Matata kuwa kwana huɗu ba ta ce mini ko sannu ba, ta ajiye abinci ta wuce. A na biyar ta ce ranar kasuwa za ta kai 'yarmu ta ga kakanninta, kuma ni zan kai su.

Jirgin dattijon direban ne a kan layi. Ya gan ni, bai gaishe ni ba. Aka gama lodi, na zauna can gaba kusa da matata, na riƙe katako da hannu biyu, tun jirgin bai motsa ba zufa ta jiƙa ni. Ya ja igiya injin ya tashi. Sai ya harɗe hannu ya tsaya. Fasinja suka fara mita, bai kula su ba.

"Malam," ya kira ni daga baya. "Yana fitsari?"

Na tashi na tsallake doya da rarrafe, mutane na kallona. Na kwanta a gefen jirgi na miƙa hannu ƙarƙashin ramin. Ban amsa ba sai da na ji ya bugi tafina, da ƙarfi, ɗumi-ɗumi.